Babi Na Shida: Takarda Ɗaya, Hannu Da Yawa

Duk malamin da ya taɓa raba ɗalibai rukuni-rukuni ya ba su aiki ya san yadda lamarin kan ƙare. Sunaye takwas ne a bangon takarda, amma rubutun mutum ɗaya ne a ciki. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu shi ya kwana yana yi, sauran suka haɗa kuɗin takarda da biro, suka ce a sa sunansu. Malam ya karɓa ya ba kowa maki iri ɗaya, domin ba shi da hanyar bambance wanda ya yi da wanda ya raɓa. Sai bayan mako biyu takarda ta dawo da jan biro, lokacin an riga an shiga wani darasi, babu mai waiwayar gyaran. An yi aiki, an ba da maki, amma mutum bakwai cikin takwas ba su koyi komai ba.

Wannan ciwo ya daɗe a makarantunmu, kuma shi ne dalilin da ya sa na keɓe babi guda ga abin da zan riƙa kira takardar tarayya: shafin rubutu da ke zaune a intanet, wanda mutane da yawa za su buɗe a lokaci guda, kowa daga wayarsa ko kwamfutarsa, su yi rubutu kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke yi. Wanda aka fi sani shi ne Google Docs. Akwai Word na kamfanin Microsoft da ake buɗewa a intanet, akwai kuma Etherpad, wanda zan dawo kansa domin yana da wata siffa da ta dace da karkararmu.

Tunanin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco na Amurka, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya nuna wa taro yadda mutum biyu da ke wurare daban-daban za su yi aiki a kan shafi ɗaya na kwamfuta. Sai da aka shafe shekara kusan 40 kafin abin ya iso hannun talaka. A 2005 wani ƙaramin kamfani ya fito da manhajar Writely, Google ya saye ta a 2006, daga ita aka gina Google Docs. A yau mutum har 100 na iya aiki a kan takarda ɗaya a lokaci guda, kuma duk mai asusun Gmail yana da ita ba tare da ya biya ko sisi ba, ban da kuɗin data.

Abubuwa uku da takarda da biro ba sa yi

Na farko shi ne gyara tun aiki bai bushe ba. Malam na iya shiga takardar ɗalibansa ana tsakiyar rubutu, ya zaɓi jimla guda ya ajiye tsokaci a gefenta: "Wa ya faɗa muku wannan?" ko "Wannan sakin layin ya maimaita na sama, ku haɗe su." Ɗalibi ya gani, ya gyara, ya amsa. Wanda ya yi karatun allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. A tsangaya almajiri ba ya tafiya da allonsa gida ya jira sati biyu. Yana gurfane malam ke duba rubutun, ya nuna masa inda wasali ya faɗi, ya gyara nan take, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Makarantar boko ta rasa wannan kusanci saboda yawan ɗalibai, takardar tarayya kuwa tana dawo da wani yanki nasa.

Na biyu shi ne tarihin takarda. Manhajar tana ajiye duk canjin da aka yi, da sunan wanda ya yi shi, da lokacin. Idan malam ya buɗe wannan tarihi a kwamfuta, zai ga wanda ya rubuta sakin layi uku, da wanda ya gyara kurakuran 'yan'uwansa, da wanda bai taɓa ko harafi ba. Zai kuma ga shafin da ya faɗo gaba ɗayansa cikin daƙiƙa guda, alamar an kwaso shi ne daga wani wuri. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, wannan ya zama babban makami ga malami, domin yanzu kyawun rubutun da aka miƙo ba ya tabbatar da cewa ɗalibi ya yi tunani. Hanyar da rubutun ya bi kafin ya kammala ita ce shaida.

Na uku shi ne takardar ba ta zaune a jakar kowa. Wannan kuwa sai mutumin bakin kogi ya fi kowa sanin darajarsa.

Makaranta a bakin ruwa

Zangon farko na shekarar karatu yakan soma ne a watan Satumba, daidai lokacin da kogin Haɗejiya ke kan ganiyar cikarsa. A 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Jihar Jigawa, kuma ƙasar Haɗejiya na cikin inda abin ya fi tsanani. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri gonaki sun nutse, gidajen ƙasa sun zube, hanyoyi sun yanke, matasa suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga dare da rana. Makarantun da ruwa bai ci ba, da yawansu sun zama masaukin waɗanda suka rasa matsuguni.

A irin wannan hali ba wanda zai yi wa mutumin da ɗakinsa ya faɗi zancen intanet. Abinci da wurin kwana da magani su ne gaba. Amma ruwa yakan janye, a koma aji, a tarar littattafan rubutun yara sun jiƙe sun manne, tsarin darasin malam na shekara guda ya tafi, rajistar maki ta zama laka. Abin da aka rubuta a takardar tarayya yana nan yadda aka bar shi, ko da wayar da aka rubuta shi da ita ta faɗa ruwa. Kuma a makonnin da yara ke warwatse, wasu a gidan 'yan'uwa a Malam Madori, wasu a cikin garin Haɗejiya, duk wanda ya samu aron waya da ɗan sabis zai iya leƙa aikin rukuninsa ya ƙara layi biyu. Kaɗan ne, amma yana hana igiyar karatu tsinkewa. Mun ga abin da tsinkewarta ke haifarwa lokacin da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda annobar korona, yara suka shafe watanni a gida, wasu ba su koma ba har yau.

Me za a rubuta a ciki?

A nan ne yawancin masu ɗokin fasaha ke yin tuntuɓe. Idan malam ya buɗe takardar tarayya ya ce a rubuta ma'anar zaizayar ƙasa da ire-irenta, ya ɓata datarsa. Amsar tana cikin littafi, tana intanet, yaro ɗaya zai kwaso ya zuba, sauran su yi kallo. Aikin da ya cancanci hannu da yawa shi ne wanda mutum ɗaya ba zai iya yi ba, wanda kuma amsarsa ba ta kwance a wani shafi tana jiran a kwafa. Ƙasar Haɗejiya cike take da irin waɗannan tambayoyi.

Mu ɗauki misali da ajin babbar sakandare mai ɗalibai 60, da malamin labarin ƙasa da ya zo kan darasin koguna. Littafi zai gaya wa yara cewa kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, cewa an kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, cewa a gabashin garin Haɗejiya ruwan yana rarrabuwa zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana, daga baya ya haɗu da na Jama'are ya zama kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Abin da littafi ba zai faɗa ba shi ne yadda waɗannan madatsu suka sauya rayuwar ƙauyen kowane yaro da ke zaune a ajin. A da kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka soma sako ruwa rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da yashi da laka, ruwa ya riƙa kauce wa tsohuwar hanyarsa yana hawa gonaki, wasu wuraren kuma ya daina isa gare su sam. Cikin kacalar nan tsuntsayen jan baki ke fakewa su far wa shinkafa da gero.

Sai malam ya raba ajin gida goma, mutum shida-shida, ya buɗe takarda ɗaya mai kanun labari goma. Wani rukuni ya je wurin masunta ya tambayi kifayen da ake kamawa a da da waɗanda ake kamawa yanzu: tarwaɗa, karfasa, kurungu, gaiwa, wanne ya yi ƙaranci, wanne ya ɓace, me suke cewa game da kafa dumba a kan hanyar ruwa. Wani rukuni ya zauna da manoman rani da ke cin gajiyar aikin noman ban-ruwa na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023. Wani ya ji ta bakin Fulani makiyaya a kan burtali da mashaya. Wani ya tambayi mata masu soya kifi da masu bandarsa inda suke samun itace da yadda farashinsa ya sauya. Wani ya tattara sunayen tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008. Yaran da iyayensu ke jin Badanci ko Manganci ko Fulatanci su kawo sunayen kifi da ciyayi a harsunansu, a jera su gefen na Hausa.

Amfanin takarda ɗaya yana bayyana ne a ranar da labarai suka soma cin karo. Masunci ya ce ruwa ya ragu, manomin da ke nesa da shi da tafiyar awa guda ya ce ruwa ya yi yawa har ya cinye masa gona. Da kowane rukuni a littafinsa ya rubuta, ba wanda zai lura. Amma ga su a shafi ɗaya, ɗaya a saman ɗaya, sai wata ɗaliba ta ajiye tambaya a gefe: "Malam, to wane ne ya faɗi gaskiya a cikinsu?" Malam ya amsa: "Dukansu. Ku nemo taswira ku ga inda kowannensu yake zaune da inda kacala ta toshe." Daga wannan tambaya darasin labarin ƙasa na gaske ya fara, kuma yaran ne suka haƙo shi da kansu.

Malamin lissafi zai iya yin makamancin haka da jadawalin tarayya irin na Google Sheets. Kowane mako yara su shigar da farashin kwanon shinkafa da na barkono da na riɗi daga kasuwar Haɗejiya da ta Gujungu da kasuwannin ƙauyukansu. Kafin zango ya ƙare suna da alƙaluma nasu na kansu da za su koyi matsakaici da kaso cikin ɗari da zanen jadawali a kansu. Malamin Hausa kuma ya samu filin koyar da ƙa'idar rubutu, domin allon rubutun Gboard yana da Hausa da haruffa masu lanƙwasa, kuma yara sun fi saurin ganin kuskuren raba kalma a rubutun abokinsu fiye da nasu.

Wuta, waya da data

Mai karatu da ya san makarantun karkara zai ce duk wannan daɗin baki ne, ina wayar, ina wutar? Tambayarsa tana kan hanya. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙauyuka da yawa ba a ma kai musu ba. Sabis yana da ƙarfi a gari, yana raguwa da zarar an gangara fadama. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Makarantun kwana galibi sun hana ɗalibai riƙe waya, kuma suna da hujja.

Sai dai aikin da na zayyana ba ya bukatar kowane yaro ya mallaki waya. Na'ura ɗaya ga rukuni ta isa. Hira da masunta da biro da takarda za a yi ta, daftarin farko ma a littafi, sannan a zo a shigar bi da bi, kowa da sashensa, yana sa sunansa a ƙarƙashin abin da ya rubuta tunda asusu ɗaya ake amfani da shi. Rubutu tsantsa ba ya cin data kamar bidiyo. Manhajar Google Docs ta waya tana ba da damar a ajiye takarda a yi aiki a kanta babu sabis, idan aka samu sabis ta haɗe da na sauran.

Inda babu intanet ko kaɗan, nan Etherpad ke shigowa. An fito da ita a 2008, Google ya sayi kamfanin da ya yi ta a ƙarshen 2009 ya saki manhajar kyauta ga kowa. Ana iya ɗora ta a kan kwamfuta ɗaya a cikin makaranta, a haɗa sauran na'urori da ita ta ƙaramar na'urar wayifai, ajin ya yi rubutu tare ba tare da an sayi data ba. Ba ta bukatar asusu, kuma kowane marubuci da launin da rubutunsa ke fitowa da shi, don haka da kallo ɗaya malam zai ga rabon aiki. Illarta ita ce abin da aka rubuta yana cikin waccan kwamfutar, sai a riƙa kwafe shi ana ajiyewa wani wuri kafin damina ta yi nisa. Faifan sola da batir da mutum ɗaya da ya iya saita ta, shi ke nan jarin.

Masu iya saitawar kuwa muna da su. Jigawa na cikin jihohin da suka riga saura shiga harkar kwamfuta, tun farkon shekarun 2000 da aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗejiya, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da aka kafa a 2013. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019, ɗan Haɗejiya ne. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba ta rasa matashin da zai ba makarantar ƙauyensu yini biyu ba. Kada a manta kuma, tun 2015 jarabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa allon rubutun kwamfuta ba sai ranar jarabawa an cuce shi, ko da ya fi kowa karatu.

Inda ya kamata a yi hattara

Takardar tarayya tana da ƙofa uku: mai kallo kawai, mai tsokaci, da mai gyara. Malam ne zai riƙe mallakar takarda, ya ba ɗalibansa izinin gyara da sunayensu. Idan ya buɗe ta ga duk wanda ya samu adireshinta, sannan adireshin ya shiga zaurukan WhatsApp, baƙo zai iya shiga ya goge ko ya rubuta abin da bai dace ba, kuma tarihin takarda ba zai nuna sunansa ba. Ana iya dawo da abin da aka goge, amma rigakafi ya fi magani.

Google ba ya ba yaron da bai kai shekara 13 ba damar buɗe asusu shi kaɗai, don haka a firamare asusun malam ko na makaranta za a yi amfani da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shar'anta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Ko babu doka, ladabi ya hukunta haka. Kada a sa hoton ɗalibi ko lambar wayarsa a takardar aiki. Dattijon da aka yi hira da shi a tambaye shi: "Baba, ka yarda mu rubuta sunanka, ko mu ce wani masunci daga garin kaza?" Abin da ya zaɓa shi za a bi.

Batun 'yan mata yana bukatar kulawa ta musamman. A gidaje da yawa ɗa namiji ya fi samun damar taɓa waya, kuma iyaye na ɗari-ɗari da duk abin da zai haɗa 'yarsu da intanet. Idan aka mai da aikin na gida, 'yan mata za a bari a baya. A yi shi a makaranta, cikin lokacin darasi, malami ko malama na tsaye. A kira kwamitin iyaye a nuna musu takardar a buɗe, su ga abin da 'ya'yansu suka rubuta da idonsu. Uban da ya ji an karanto masa maganarsa a kan gonarsa, da rubutun 'yarsa, da wuya ya zama mai adawa da aikin.

Sannan a koya wa yara ladabin gyara. Ba a goge rubutun wani a ɓoye. Ana ba da shawara ne a gefe, mai rubutu ya karɓa ko ya kawo hujjarsa. Ana sukar jimla, ba a taɓa mutuncin mai ita. Yaron da ya saba da wannan tun yana aji huɗu na sakandare ya samu tarbiyyar da za ta amfane shi a ofis da kasuwa da zaman unguwa.

Kira ga malamai

Babu manhajar da za ta mai da malamin da ba ya duba aikin ɗalibansa ya zama mai dubawa. Takardar tarayya tana ƙara wa malami aiki a farko, domin sai ya tsara tambaya mai kyau, ya raba sassa, ya riƙa leƙawa yana tsokaci. Ladan wahalar shi ne zai san ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya a ajin da yawansu ya hana shi saninsu, kuma makarantarsa za ta soma tara abin da babu shi a kowane ɗakin karatu: labarin kogin Haɗejiya daga bakin waɗanda ke rayuwa a kansa, shekara bayan shekara, kowane aji na ɗorawa a kan na gabansa.

Don haka, malam, kada ka jira ranar da za a kawo wa makarantarku kwamfuta 100. Fara da wayarka da aji ɗaya da tambaya ɗaya a wannan zangon. Shugabannin makarantu su ware awa biyu a mako da wurin caji. Hukumomin ilimi na jiha da ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya su sa horar da malamai gaba da sayen na'urori, domin na'urar da ba a koya wa malami amfani da ita ba a sito take ƙarewa. Masu hali daga cikin 'ya'yan yankin kuma su tuna faifan sola ɗaya da batir na iya buɗe wa ɗaruruwan yara wannan ƙofa. Allah Ya ba mu ikon yi.